Mai Yi wa Matattu Rufi

Aukuso bai taɓa niyyar zama maginin kaburbura ba. Kafinta ne ɗan kafinta, kuma har ya kai shekara ashirin da bakwai gidajen masu rai yake rufawa, shi da mahaifinsa, daga wannan ƙauye zuwa wancan a gaɓar kudu ta tsibirin Upolu. Da tsohon ya rasu aka binne shi a ƙofar gida kamar kowa, taku goma daga bakin titi. Aukuso ya kasa jure ganin ruwa yana dukan kabarin. Ya kafa ginshiƙai huɗu, ya sayo jan kwano falle takwas daga birnin Apia, ya yi wa ubansa rumfar da ko ɗigo ba ta bari. Don kansa ya yi, don hankalinsa ya kwanta. Amma motar haya tana bin titin sau shida a rana, kuma mutanen cikinta suna da idanu. Kafin shekara ta zagayo an kawo masa aiki uku. Yanzu shekararsa hamsin da takwas, ya daina sanin yawan kaburburan da ya rufa, rabonsa da hawa kan gidan mai rai kuwa har ya manta.

'Ya'yan mamatan da ke ƙasashen waje, Okland da Sidni, su ne masu bugo waya. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko rufin zai yi ƙarko. Abin da suke tambaya shi ne na maƙwabta. Tayil ɗin gidan wane fari ne? To, namu a sa mai ƙyalli. Su fitila biyu suka sa? A sa mana huɗu. Aukuso yana amsawa da to, ya ɗauki awo, ya yi shiru. Mutum ne marar magana, a coci ma layin baya yake zama, muryarsa ce kawai ake ji a ƙarƙashin waƙa kamar rugugin teku. Matarsa Talaleu, mai soya fanke a ƙofar makarantar firamare, ita ta ɗauke masa nauyin magana tun ranar aurensu.

"Kai dai mijin matattu ne," takan ce masa. "Ranar da na mutu ne zan ga kulawa."

Ƙyamar ba rana ɗaya ta zo masa ba. Kamar tsatsa ta shige shi, ta ƙasan fenti. Ya lura cewa idan yana aiki yakan juya wa gidan baya, ya fuskanci titi, don kada idonsa ya sauka kan abin da ke bayan kabarin: tsohuwa da ƙafa a kumbure, ko bokitin da aka tara a tsakar ɗaki saboda yoyo. Da ya gane yana yin haka bai daina ba. Ya dai rage cin abincin da ake kawo masa a wurin aiki, yana cewa cikinsa ne.

Kabarin tsoho Eteuati ya fi duk wanda ya taɓa ginawa. Ginshiƙai shida, shuɗin kwano, silin, farin tayil har bango, fitilun da ke kama kansu idan rana ta faɗi. Babban ɗan marigayin ne ya sa aikin daga Okland. Aukuso ya san shi tun yana yaro ana ce masa Peni, amma tun da ya gaji sarautar danginsu ba a kiransa sai Lautasi, kuma dattijon coci ne a can inda yake. Saura kwana goma sha biyu a yi bikin buɗe dutsen kabari, wanda ake yi idan mamaci ya shekara. Dutsen ya riga ya iso ta jirgin ruwa, baƙi wuluk, da rubutun zinariya da hoton tsohon cikin kwat.

Ran Litinin Aukuso ya yi sammako don ya kafa dutsen kafin rana ta yi zafi. Ya tarar da gidan sauro ɗaure a ginshiƙansa biyu, tabarma a shimfiɗe kan tayil, da buta, da ƙaramin akwati. Fuatino, matar marigayin, tana durƙushe tana naɗe bargo.

Ba ita ta haifi su Lautasi ba. Daga tsibirin Savai'i tsohon ya auro ta bayan uwarsu ta rasu, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, shekara tara ita ke juya shi, ta wanke shi, ta tauna masa gwaza. 'Ya'yan sukan zo da Kirsimeti su yi hoto da shi. Bayan jana'iza suka kulle babban gidan siminti da suka gina, suka tafi da makulli. Matar da ta zo zaman aure a ƙasar miji, idan mijin ya mutu ba ta da ɗa, gidansu take komawa. Nata dangin kuwa duk sun ƙare, sai wani ɗan ƙane da ba ya ɗaga waya. Ba wanda ya ce mata tafi, ba wanda ya ce zauna. Ta kwashe kayanta ta koma ɗakin girki a bayan gida.

"Iya, nan kika kwana?"

"A'a, rawa na zo yi." Ba ta ɗago ba. "Wata uku ke nan. Kai ne ba ka zuwa da wuri."

"A kan kabari, Iya."

"A gefensa. Shekara ashirin da biyu ina kwana a gefen mutumin nan, yana munshari, daga baya yana ɓata shimfiɗa ina wankewa. Yanzu da ya yi shiru, ya daina wari, shi ne bai dace ba?" Ta miƙa masa bakin igiyar gidan sauron. "Kwance min wannan, hannuna ba ya kaiwa. Aikinka yana da kyau, ɗana, ko ɗigo. Sai dai tayil ɗin nan sanyi gare shi. Ka gaya wa masu mutuwa nan gaba su sa katako."

Ya ɗaukar mata akwatin zuwa baya. Shekara guda yana aiki a gidan, bai taɓa zagayawa ba. Rufin ganyen ya ruɓe ya zama baƙi, yana ɗiga ko da ba a ruwa, ta wurare uku ana hango sama. Tsakuwar daɓen ta nutse cikin laka, aladun maƙwabta sun tone kusurwa ɗaya sun bar kashinsu. Farar rigarta ta zuwa coci tana rataye a ƙusa, fumfuna ta yi mata tabo kore daga kafaɗa har ƙugu. Warin jiƙaƙƙen toka da ruɓa ya cika ɗakin. Ya ajiye akwatin a kan wani dutse, ya koma gaba, ya kafa dutsen kabarin daidai wa daida, ya duba da ma'auni sau biyu.

Washegari waya ta shigo. Wani ya ɗauki hoton shimfiɗar Fuatino a kan kabarin ta tagar mota, hoton ya zagaye dangi har Sidni.

"Aukuso, ɗan'uwa, ka ga abin da ake yi mana?" in ji Lautasi. "Kabarin ubana ya zama masaukin baƙi. Har da buta. Matata ko coci ba ta iya zuwa ba jiya don kunya."

"Ɗakin girkin yana yoyo, ranka ya daɗe."

"Ai shi ya sa tun bara ya kamata ta koma wurin nata. Kara muka yi mata, ga sakayya. Ka ji abin da za ka yi. Ka zagaye kabarin da shingen ƙarfe, mai ado, ba irin na kurkuku ba. Ka sa ƙofa da kwaɗo. Bayan biki za mu kai ta jirgin ruwan Savai'i da mutuncinta, da tabarmi masu daraja da kwalin naman gwangwani. Ba mai cewa mun wulaƙanta ta."

"Kuɗin ƙarfen nan, da kwano aka saya da su, ai da..."

"Me ka ce? Layin ba shi da kyau."

"Na ce to."

Talaleu tana jin su daga bakin murhu. "Peni mai majina," ta ce, tana juya fanke. "Yaron da na sha kamawa da hannu a cikin kwanona. Yanzu shi ne mai kunya. Kai kuma ka ce to."

"Na karɓi aikin tun farko. Kowa ya ci ladan kuturu..."

"Ka yi masa askin, amma kada ka zo min gida da gashin."

Ran Lahadi Fasto Uelese ya yi wa'azi a kan mai arziki da matalaucin da ke kwance a ƙofarsa. Ya iya wa'azi. Ya sa mutane suka ga teburin, suka ga gyambon, suka ga ranar da al'amari ya juye, mai arziki yana cikin wuta yana roƙon ɗigon ruwa a harshe, ga rami tsakaninsa da wanda ya saba tsallakewa. Ya ce mutumin nan bai doki matalaucin ba, bai zage shi ba, laifinsa kawai ya saba da ganinsa. Coci ta ɗauki amin. Mata suna fifita da mafici, suna gyaɗa huluna. Fuatino tana can gefe cikin rigar gida mai furanni, ita kaɗai a cikin fararen kaya, kuma kowa ya san dalili, kowa ya ga hoton. Aukuso ya dubi bakunan da ke cewa amin, ya ji nasa bakin ma ya faɗa, a ƙasa, da muryar nan tasa mai daɗi. Yawu ya taru masa, ya rasa inda zai tofar.

Da aka tashi ya bi Fasto gida, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa kafin ya yi magana. An riga an jera abincin Lahadi da kowane gida ke aikowa: gwaza, ganye da madarar kwakwa, kifi, kaji, cinyar alade, faranti a kan faranti, abin da mutum talatin ba za su cinye ba, ga ƙudaje sun fara sallama.

"Na sani," in ji Fasto, tun kafin ya ƙarasa. "Matata tana aika mata abinci."

"Ba abinci ba ne, Fasto. Rufi ne. Kuma za su sa ta a jirgi."

Fasto ya dubi farantan. Ba mugun mutum ba ne, gajiyayye ne. "Aukuso, ni ma baƙo ne a garin nan, kamar ita. Kira na aka yi, ana iya sallamata. Ƙasar ta dangi ce. Faston da ya sa baki a maganar ƙasa, shi ma jirgin zai hau. Mu sa abin a addu'a." Ya tura masa faranti. "Ɗauki kifi ka kai wa Talaleu."

Bai ɗauka ba, ya ce cikinsa ne.

Ran Laraba aka kawo ƙarfen, aka gama walda kafin azahar. Ƙofar ce ta ba shi wahala, don tana bukatar mai riƙewa yayin da yake ɗaure ta. Bai yi tunani ba ya ce, "Iya, riƙe min nan." Ta ajiye tsintsiya ta zo ta riƙe, da hannu biyu, tana tambaya ko ta ɗaga sama kaɗan. Sai da ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe ya gane abin da ya sa ta yi. Ta gwada ƙofar, ta buɗe ta rufe.

"Ba ta ƙara," ta ce. "Hannunka da albarka."

Ya danna kwaɗon. Da la'asar hadari ya taso daga teku, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Aukuso yana tsaye ƙarƙashin shuɗin kwanon, daga wajen shinge, yana tattara kayan aiki. Ta gefen babban gidan yana hango ɗakin girki. Fuatino tana zaune kan akwatinta a tsakiyar ɗaki, riƙe da lema, ta ɗora ƙafafunta a kan tukunya. A gabansa kuwa tayil a bushe ƙamas, furannin roba ko motsi ba sa yi, tsohon cikin kwat yana murmushi ta bayan siririn mayafin da aka rufe dutsen da shi.

Ya tafi gida a cikin ruwan. Bai shiga ɗaki ba. Ya jingina tsani da rumfar kabarin mahaifinsa, ya hau da guduma, ya fara zare ƙusoshin da ya buga shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Ƙarar falle na farko da ya faɗo ita ta fito da ƙanwarsa Sieni daga gidanta da ke jikin nasu, ba ko mayafi.

"Aukuso, ka haukace ne? Sauko."

Ya ci gaba da zarewa.

"Ka tuɓe wa Baba riga a bakin titi, kowa yana gani. Saboda wa? Saboda matar wasu?"

"Baba ba ya jin sanyi, Sieni."

"Kai ka je ka gani?"

"Idan yana inda muke fata, ba ya bukatar kwanona. Idan kuma ɗaya wurin yake, ruwan nan ma alheri ne."

Takalminta ya same shi a kunne. Bakin 'yar'uwa ba abin wasa ba ne, namiji ya fi tsoronsa da kowane hukunci, kuma Sieni ta san haka. Ta tsaya cikin ruwa ta ce masa ba ita ba shi har sai ya mayar, ta ce ya tuna wanda ya koya masa riƙe gudumar. Duk da haka ya sauke falle takwas ɗin duka. Ruwa ya fara dukan simintin kabarin, ƙura ta shekaru ta zama laka tana gangarawa. Ya juya fuska bai ƙara kallo ba.

Alhamis tun da safe shi da Talaleu suka tura kwanon a baro. Ya yaye ruɓaɓɓen ganyen, kyankyasai da ƙadangaru suna zubo masa a wuya, ya canza katako uku da suka ci, ya jera jan kwanon. Tsoffin hujojin ƙusa ya bi ɗaya bayan ɗaya, inda sabuwar ƙusa ba ta faɗa ba ya toshe da kwalta. Talaleu tana miƙa masa ƙusa, bakinta bai huta ba.

"Iya, kin ga mijina? Shekara talatin ina roƙo ya gyara min tagar ɗaki. Ashe sai mace ta tsufa."

"Ki bar shi da ni mako guda," in ji Fuatino, "zan dawo miki da shi ya koyi magana."

Da suka kama hanyar gida Talaleu ta daina dariya.

"Ka san abin da ka yi? Ka buga ƙusa a ƙasar mai sarauta ba da izininsa ba. Gobe zai sauka, ya ga jan kwano a bayan gidansa, ya san duk gari sun san ba shi ya sa ba. Ka tona masa asiri fiye da hoton. Majalisar gari za ta ci ka tarar aladu, wannan ba komai. Ita kuwa ko biki ba za ta gani ba, jirgin Juma'a za ta hau. Ka yi wa ɗaki rufi, ka kori mai ɗakin."

Aukuso ya tsaya da baro a tsakiyar titi. Bai yi wannan tunanin ba.

"To me zan yi?"

"Abin da ka iya. Ka yi shiru."

Ta soya fanke kwano guda, ta sa rigar fita, ta nufi gidan Fasto. Abin da ta gaya wa matar Fasto, a asirce, kada kowa ya ji, shi ne Lautasi ne ya bugo waya da kansa ya ce a rufa wa uwarsa ɗaki kafin ya iso, ya ce muddin yana raye ba inda za ta, a ƙasar nan za a binne ta, amma ba ya so a faɗa don shi ba mai son yabo ba ne. Kafin faɗuwar rana har masu kamun kifi sun ji.

"Ƙarya kika yi a gidan Fasto," in ji Aukuso.

"Na yi. Ka sa a kan nawa."

"Shi za a yaba."

"Yabo kake so ko tsohuwa ta zauna? Zaɓi ɗaya, biyun ba sa shiga baro guda."

Asabar aka yi bikin. Motocin haya na filin jirgi sun cika bakin titi, an kafa rumfuna, an gasa aladu tara. Dangi na waje sun sha fararen kaya iri ɗaya, da hoton tsohon a ƙirji, suna share gumi suna ɗaga wayoyi. Aka buɗe kwaɗon, aka shiga yaye mayafan dutsen ɗaya bayan ɗaya, kowane mayafi da wanda aka kira ya cire, har rubutun zinariya ya bayyana aka yi tafi. Ba a kira Fuatino ba. Tana can bayan rumfa tana kankare gwaza tare da matan da aka auro.

Sai Fasto Uelese ya miƙe. Ya yi maganar tashin matattu, ya ce dutse da tayil duk za su narke, abin da mutum ya yi wa marar ƙarfi shi kaɗai zai tarar a gaba. Daga nan ya juya ga Lautasi. Ya ce akwai wani abu da aka roƙe shi kada ya faɗa, amma fitila ba a rufe ta da kwando. Ya ce ga ɗa wanda bai tsaya ga kabarin uba ba, ya tuna da gwauruwar da uban ya bari, ya rufa mata ɗaki, ya yi alkawari a gaban Allah cewa nan ne gidanta har ranar da za a kwantar da ita kusa da mijinta. Ya sa aka je aka zo da ita, hannunta duk ƙaiƙayin gwaza, aka rataya mata furanni a wuya.

Aukuso yana tsaye a bayan taro. Ya ga wuyan Lautasi ya kumbura, ya ga idonsa ya tafi kan jan kwanon da ke leƙowa ta bayan gida, ya dawo kan Fasto, ya zagaya kan masu sarautar gari da ke zaune a jere suna gyaɗa kai. Ba mutum ɗaya a wurin, in ban da baƙi, da bai san kwanon nan ba. Shekara talatin suna wuce shi a mota. Da safen nan ma sun wuce ginshiƙai huɗu tsirara a ƙofar gidan Aukuso. Fasto ma ta nan ya biyo, kuma da ya gama magana bai dubi layin baya ba ko sau ɗaya. Duk suka yi tafi. Lautasi ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, ya zaro hankici, ya share ido. Hawayen gaske ne, Aukuso ya ga ƙyallinsu. Mutumin ya rungume tsohuwar, ya kira ta uwa, ya juya da ita wajen wayoyi. Matarsa tana kuka har da shessheƙa.

Aukuso ya fice daga taron ya zagaya bayan motoci. Yana nan Lautasi ya same shi, furanni har kunne.

"Kai ne."

Aukuso ya gyara zaninsa irin na mazan garin, ya durƙusa kaɗan. "Ranka ya daɗe."

"Ka iya aiki." Ya dubi titi. "Da ma ina da niyya, ka sani. Abubuwa ne suka yi yawa." Ya gyara furannin wuyansa. "Sai dai jan nan ya ƙoƙe, yana ɓata hoto. Ka shafa masa shuɗi ya dace da na gaba. Kafin Talata, don mu gani kafin mu tashi."

"To."

Kafin a watse Lautasi ya sake miƙewa a gaban jama'a, ya ɗaga makullin kwaɗon, ya ce ba wanda ya cancanci riƙe shi sai uwarsu. Ita za ta riƙa buɗewa kowace safiya ta share, ta goge tayil, ta wanke furanni, ta kulle. Makullin babban gidan kuwa ya koma Okland a aljihunsa. Aka sake tafi.

Talata suka tashi, Fuatino ba ta hau jirgi ba. Aukuso ya shafa shuɗin fentin, shafi biyu, don idan ya ƙi maganar za ta tashi. Majalisa ba ta kira shi ba, tunda ba laifin da aka yi. Sieni ta daina gaishe shi, idan ta dafa abin daɗi ta kan aiko wa Talaleu ita kaɗai, da sunanta. Aiki kuwa ya ƙaru, don baƙin da suka zo biki sun ga shingen, yanzu kowa irinsa yake so.

Bayan mako biyu ya biya ta gidan, ya ga ko kwaltar ta kama. Ya same ta a cikin shinge, a durƙushe, tana goge tayil da tsumma, makulli yana lilo a wuyanta da igiyar kwakwa.

"Iya, yana yoyo?"

"Wuri ɗaya, wajen murhu. Na sa kofi." Ta matse tsumman a bokiti. "An ce ƙanwarka ba ta yi maka magana."

"Za ta huce."

"Ba za ta huce ba, na san irinta. Ka samu kwano ka mayar wa ubanka."

"In na samu."

"Kuma ka daina yi min wannan fuskar kamar ka taka kashi. Ina da ɗaki, ba mai taɓa ni. Me ya rage?"

Ta dafa ginshiƙi ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta fito da bokitinta, ta ja ƙofar ta danna kwaɗo, ta girgiza shi ta tabbatar ya kama.

"Zo ka ga wurin," ta ce. "Ka zo da kwaltar?"

Ya zo da ita. Ya bi ta zuwa bayan gida.